Jirin Maigandi

Shekara shida da shigowar Nasara Sakkwato, Maigandi mahauci na Ƙofar Marke ya kamu da wani irin jiri. In yana tsaye lafiya lau yake. Amma da ya kwanta ya juya kansa dama, sai rufin ɗaki ya kama juyawa, ya riƙe gefen gado yana salati.

Kowa da abin da ya ce. Wanzami ya ce jini ne ya yi yawa, ya kafa masa ƙaho a ƙeya har sau uku. Matarsa Sadiyatu ta ce rashin ci ne. Wata tsohuwa ta ce ƙwaro ne ya shige masa kunne, ta ɗiga masa man shanu.

Ƙanensa Muntari kaɗai ya san mafarin abin. Wata biyu da suka wuce suna jan bijimi zuwa mayanka, Maigandi a gaba, shi yana riƙe da igiyar ƙafa. Sai ga wani Bature a kan keke, abin da Muntari bai taɓa gani ba. Ya saki baki yana kallo, igiya ta suɓuce. Bijimin ya maka Maigandi da katanga, ya suma. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba, Muntari kuwa ya ce masa faɗuwa ya yi.

Kullum Muntari ya ga shatin ƙaho a ƙeyar wansa, sai ya kau da kai.

Ran nan bayan azahar ya same shi kishingiɗe. Maigandi ya ce, "Muntari, tsuhwa ya kama ni. Wanda ka hwaɗuwa gaban bijimi ba shi da sauran sana'a. Ɗauki wuƙaƙena."

Muntari ya durƙusa. "Yaya, ba hwaɗuwa kay yi ba. Ni nas saki igiya, ina kallon Bature. Bijimin ya buga ka ga bango."

Maigandi ya shafa ƙeyarsa. Ya ce, "Kana gani ana tsotse min jini, kay yi kurum? Tashi ka ba ni wuri."

Kwana goma sha biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Muntari bai fasa zuwa ba, kullum da ƙunshin hanta, ya ajiye a bakin ƙofa ya koma.

Jirin ya lafa wajen faɗuwar damina. Ranar da Maigandi ya koma mayanka, ya karɓi igiyar ƙafa da kansa, ya ce wa Muntari ya wuce gaba.