Shirun Ƙidaya Takwas

Doña Nélsida ta buga cokali a gefen tukunya karo na uku, mijinta ya zare saksofon daga bakinsa yana hararar ta.

"Me kuma na yi?"

"Ka ƙara. Sauti biyar aka rubuta, ka busa goma sha tara."

Don Eulogio Taveras ya ce ai gyara wa waƙar ya yi, don yadda aka rubuta ta ko kaza ba za ta ɗaga ƙafa ba. Ta ce ba wanda ya nemi kaza ta taka rawa. Abin da aka nema shi ne tsoho ɗan shekara sittin da uku ya ci jarrabawar 'yan koyo da ƙarfe uku na rana, ga shi tara ta gota ko waƙoƙi ukun da zai busa bai zaɓa ba. Ta ci gaba da dakan agadar karin kumallo, ɗan littafin jarrabawar yana jingine da gwangwanin gahawa a gabanta.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan kujerar farko ta masu saksofon a badujalar garin nan namu tasa ce. Kowace Lahadi da yamma yana nan a dandali cikin farar riga mai maɓallin zinariya, kuma ba wani bikin aure a wannan yanki na Cibao da ake cewa ya yi armashi in ba Don Eulogio ne ya busa kiɗan rawarmu na merenge a wurin ba. Sai Allah ya kawo mana sabon ciyaman, wanda ya je wani taro a Santo Domingo ya dawo da dokar cewa duk mai sa rigar badujala sai ya nuna takardar shaida. Wanda ba shi da ko ɗaya, daga matakin farko zai fara. Wanda ya faɗi kuwa, ya tashi daga kujera sai an sake zaman jarrabawa bayan wata shida. A bayan kujerar Don Eulogio akwai mai jira, Don Plinio mai kemis, wanda ya sayi saksofon wata takwas da suka wuce saboda likita ya ce ya nemi abin da zai saukar masa da hawan jini. Nasa jinin ya sauka, na maƙwabta ya hau.

Matsalar da ta fi dokar ciyaman girma ita ce Don Eulogio bai iya karanta takardar kiɗa ba. Ko ɗigo ɗaya. Shi dai kashin ƙuda yake gani a kan layuka biyar. Doña Nélsida ce ta koya a wurin sistocin coci tun tana yarinya, kuma shekara talatin da biyar, kowace Asabar, a wannan ɗakin girkin take rera masa rabonsa da hanci tana yankan albasa. Sau biyu ya ji, ya zauna a kansa har abada. Ran Lahadi ya maƙala tabarau, ya tsura wa takarda ido, ya juya shafi in ya ga na kusa da shi ya juya. Mutane su yi ta cewa kai, Don Eulogio da karatu kamar limamin coci. Ita kuwa tana benci na uku da mahucinta, ko 'yar'uwarta ba ta taɓa gaya wa ba.

Littafin ya zo tun makonni uku, Don Eulogio ya tokare ƙafar teburin domino da shi. Yau da asuba ta je ta zaro shi.

Waƙoƙi goma sha biyu ne a ciki, aka ce a zaɓi uku. Ta fara karanto masa sunayensu. Da ta zo kan "Barcin Jariri" ya ce shi da ya hana garuruwa bakwai barci ba zai tsaya gaban jama'a yana lallashin jinjiri ba. "Kyanwata Ta Ɓata" kuwa ya ce ta daɗe ba ta ɓata ba. Da ƙyar ya yarda da "Tafiyar Ƙaramin Soja", don dai akwai soja a ciki, sannan "Rawar Agwagwa", don dai akwai rawa. Ta rera, ya busa, ta buga tukunya, ya rage. Hannunsa ne ba ya jin magana. Da ya ga 'yar kafa tsakanin sauti da sauti, sai yatsun su zuba haleyo, wannan gudun da mabusan merenge ke cike kowane gurbi da shi. A wurinsu barin gurbi abin kunya ne, alamar numfashi ya ƙare wa mutum ko dabara. Kafin sha ɗaya dai ta samu ya busa biyun tsirara yadda aka rubuta su, yana yi yana ɓata rai kamar mai shan maganin zazzaɓi.

Saura ta uku, kuma sha biyu za a rufe karɓar sunaye. Ta ce ya ɗauki "Jirgin Takarda", sautukanta a jere suke ba inda hannu zai sami damar ɓarna. Shi kuwa ya gaji da a zaɓa masa. Ya karɓe littafin, ya maƙala tabarau, ya yi ta juya shafuka da fuskar mai karatu, a gaban mace ɗaya tilo a duniya da ta san ba karatun yake ba. Ya tsaya a shafin da ya fi kowanne fari, ɗige-ɗigen ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

"Wannan. Ba komai a cikinta, kafin ki sauke tukunya na haddace."

"Eulogio, farin nan da kake gani ba sauƙi ba ne. Shiru ne. A tsakiyarta akwai ƙidaya takwas da za ka sauke hannu, fiyano ya yi nasa shi kaɗai."

"To, shirun ne zai gagare ni?"

Ta dube shi ta saman tabaraunta, ta ce sunanta "Safiya a Bakin Tafki", ta rera masa sau biyu. Da ta zo wurin shirun ta ƙirga da cokali a hankali, ɗaya har takwas. Ya ce ya ji, ba sai ta mai da shi yaro ba, ya ɗauki hularsa.

Ofishin badujala yana bayan sakatariya. Wilkin Peralta, shugaban badujalar, shi ne ya karɓi takardar sunayen waƙoƙin. Wilkin ɗin nan Don Eulogio ne ya koya masa yadda ake riƙe saksofon, kafin ya tafi babban birni ya dawo da takardu har uku a cikin gilashi. Ya duba sunayen, ya sosa ƙeya, ya ce da ladabi ko Maestro, wato malamin nasa, zai sake duba ta ukun, don ita wannan tana son haƙuri. Don Eulogio ya tambaye shi tun yaushe ƙwai ya fara yi wa kaza wayo. Wilkin ya buga hatimi, ya ce Allah ya ba da sa'a.

A hanyar dawowa ya bi ta gaban kantin kwana, inda 'yan domino suke tun safe. Amininsa Compadre Cheché, wanda ya yi shekara ashirin yana buga masa ganga kafin ciwon kafaɗa ya zaunar da shi, ya miƙe ya cire hula ya tambaya ko ɗan makaranta ya sha madararsa, ko a raka shi a riƙe masa jaka. Aka kwashe da dariya. Don Eulogio ya ce duk wanda ke son ganin yadda ake cin jarrabawa ya zo ƙarfe uku, kallo kyauta ne. Wannan gayyatar ita ce kuskurensa na biyu a ranar.

Suka kuwa zo. Kafin uku ta cika, tagogin zauren sakatariya huɗu sun cika da kawuna: 'yan domino, 'yan acaba, mai sayar da ruwan rake, har da matan da suka fito daga gyaran gashi da robobi a kansu. Doña Nélsida ta sami gefen taga ta ƙarshe ta tsaya da mahucinta. A ciki akwai teburi guda, a bayansa mai jarrabawar da aka aiko daga Santo Domingo, Profesora Yudelka Marte, siririya, ba ta kai shekarun saksofon ɗinsa ba. Wilkin yana kan fiyano.

Don Plinio ne ya fara. Ya busa "Barcin Jariri", kuma da akwai jariri a zauren da sai an kai shi asibiti. Amma kowane sauti ya faɗo inda aka rubuta shi, inda aka ce shiru ya yi shiru, har da gyaɗa kai yana ƙirgawa. Profesora ta yi rubutu, ta ce madalla.

Da aka kira Don Eulogio ya ji tsoro, abin da bai taɓa ji ba ko a gaban mutum dubu. Tsoro na gaske, don ya hango Lahadi mai zuwa da ƙaton cikin Plinio a kujerarsa. Ya buɗe littafin a kan maɗori, ya gyara tabarau. Soja ya yi tafiyarsa tsaf, ba ko ɗan karkacewa. Agwagwa ta yi rawarta, gumi na bin wuyansa saboda danne yatsu. Jama'ar taga suka yi tsit, suna kallon juna, don ba su taɓa jin ya busa abu maras gishiri haka ba.

Sai "Safiya a Bakin Tafki". Dogayen sautuka, a hankali, ya ja su lafiya lau. Ya iso wurin shirun, ya sauke yatsunsa, Wilkin ya shiga shi kaɗai da 'yan sautukansa kamar ɗigar famfo.

Ɗaya. Biyu. Bai taɓa sanin ƙidaya tana da tsawo haka ba. Uku. Saksofon a bakinsa, iska cike da ƙirjinsa, ba abin da ke fita, ga gari duka yana kallo. Huɗu. Sai ya ji muryar Cheché daga taga, ba ma da ƙarfi ba, irin ta mai jajantawa:

"Ayya. Numfashi ya ƙare wa tsoho."

A kan biyar yatsun suka ƙwace. Hali zanen dutse. Haleyo ya zubo daga sama har ƙasa, ya cika gurbin, ya tsallake shi, ya kwashi tafkin da safiyar duka ya mai da su merenge. Wilkin ya yi ƙoƙarin riƙe nasa, ya kasa, hannun hagunsa ya bi maigidansa da kansa. Cheché ya hau dukan katakon taga. Matan gyaran gashi suka fara juya ƙugu a kan titi, wani ɗan acaba ya ja mai ruwan rake suka shiga fili. Kai, ranar ya busa. Ni da nake ba ku labarin nan ban taɓa jin ya busa haka ba, ko a bikin 'yarsa. Har ƙafar Profesora an gani tana motsi a ƙarƙashin teburi.

Da ya sauke, tafi ya ɗauki zauren. Profesora Yudelka ta taso da kanta ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin saksofon irin wannan ba, kakanta ya sha ba ta labarin mabusan Cibao ta ɗauka ƙari yake yi. Ta roƙi a ɗauke su hoto tare, aka ɗauka. Sannan ta koma kujerarta, ta ja takardarsa, ta rubuta cewa ɗalibi bai kiyaye shirun da aka rubuta ba kuma bai kammala waƙa ta uku ba, ya sake zama bayan wata shida. Ta miƙa masa tana murmushi. Don Plinio ya matso ya yi masa jaje, ya kuma tambaya, tunda magana ta zo, ko kujerar farkon ce ƙafarta ɗaya ke rawa, don ya zo da abin tokarewa ran Lahadi.

Suka kama hanyar gida ta bayan coci, inda ba mutane. Shi da akwatin saksofon, ita da littafin a hammata. Ya yi ta faɗa: ciyaman jahili ne, Wilkin butulu, Cheché ɗan baƙin ciki, wanda ya rubuta waƙar kuwa ragon mutum ne da tawada ta ƙare masa a tsakiyar shafi. Wane mahaukaci ne zai ba mutum abin busa ya ce kada ya busa? Shiru ai ba kiɗa ba ne, kowane wawa ya iya shiru.

Doña Nélsida ta tsaya a inuwar wani mangwaro ta gyara takalminta.

"Ƙidaya takwas aka ce ka yi, Eulogio, ka kai biyar. Ni shekara talatin da biyar nake yin nawa shirun a benci na uku, ana tafa maka."

Ya buɗe baki. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ta ci gaba da tafiya tana ƙirgawa da takunta, a hankali, yadda aka rubuta. Ɗaya, biyu, uku. Ya bi ta a baya da akwatinsa, baki a rufe, wuya ya kumbura. Huɗu, biyar, shida. Ta kai bakwai.

"Amma dai kin ga yadda suka taka rawa," in ji shi.

"Daga farko," ta ce. "Ɗaya."