Malam Mainasara Bai Taɓa Fashi Ba

Gyangyaɗin hantsi ya sake kwasar Malam Mainasara a zaurensa na Lambara. Ga shi a tsohon ajin Bodinga, rajista a hannu, yana kiran sunayen 'yan ƙungiyar malamai, muryoyi suna amsawa daga nesa kamar daga cikin rijiya. Ya buɗe ido, bai ga komai ba sai farin hazon da yanar ido ta bar masa.

"Rakiya, kin shimfiɗa tabarmin?"

"Na shimfiɗa, Malam," in ji matarsa. "Yau Lahadi ta goma sha huɗu ke nan."

Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya sa mata doka guda: ranar Asabar ɗin ƙarshen wata a kira sunan kowa da baki, wanda bai amsa ba, Lahadi a hau kekuna a je gidansa a ga lafiya. Shekara ashirin yana taka keke har Dandin Mahe saboda dokar nan. Yanzu wata goma sha huɗu bai je taro ba, ko ɗan tsako bai leƙo ba. Ya ce ƙila tsadar mai ce, tunda yaran yanzu ba sa motsi sai da babur. Amma abin yana cin sa, wallahi yana cin sa.

* * *

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, wannan karon ba mafarki ba ne. Maniru ne, tsohon ɗalibinsa, sabon sakataren ƙungiya. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, takardar yabo anka aiko ni da ita."

"Yabon mi?"

Maniru ya karanta. An karrama Malam Mainasara ne a matsayin wanda bai yi fashin taro ba ko sau ɗaya a shekarar 1982.

Tsohon ya shafa gefen takardar da yatsa.

"Ashe ina zuwa ban sani ba?"

"Malam, an bar kiran suna, wai ɓata lokaci ne. Takarda ake zagayawa da ita, kowa shi sa hannu. Wanda ya yi fashi uku a cire shi. Ni kuwa ban iya ganin an cire ka, shi ya sa nike sa maka hannu." Ya sunkuyar da kai. "Na so in zaka in gaishe ka, kunya ta hana ni."

Rakiya ta tafa hannu daga bakin ƙofa. "Oh ni Rakiya. Furar da ni dama wata da watanni, ashe kai ka hana a sha ta."

Malam bai yi faɗa ba. Tausayin yaron ma ya ji, ya tuna shi ya kama masa alli ranar farko.

"Maniru, kira sunana. Kamar yadda nike yi."

Maniru ya share ido, ya gyara murya. "Malam Mainasara Lambara."

Tsohon ya rufe bakinsa gam. Wata kurciya ta yi kuka a kan katanga. Maniru ya sake kira, ya kuma sake, sau uku kamar yadda doka ta ce.

"To, ka ji," in ji Malam a hankali. "Tafi ka rubuta ban zaka ba."

Da babur ɗin ya tashi, Rakiya ta sunkuya za ta naɗe tabarmin. Ya lalubo gefen ɗaya daga ciki ya danne da tafin hannu.

"Bar su, Rakiya. Wata mai zuwa ma akwai Lahadi."