Lambar Pavol

A mahaƙar kwal ta garinmu, cikin duwatsun Pennsylvania, duk mai shiga rami sai ya rataye lambarsa ta tagulla a allo, in ya fito ya cire. Allo ke faɗin wanda ya rage a ƙasa. Ondrej Kubala ke gadinsa, tun da keken kwal ya cinye masa hannun hagu.

Shekara uku da suka wuce wuta ta tashi a ƙasa. Aka fara fito da alfadarai, don alfadari saye ake yi, lebura kuwa jirgin ruwa ke zubo shi kyauta. Da leburori suka fito, lamba ɗaya ta rage a allo, ta Pavol, ƙanen Ondrej. Manaja Thayer ya zare ta daga ƙusa ya jefa cikin taɓo.

"Allo babu kowa," in ji shi. "A toshe."

Aka gine bakin ramin da tubali don wuta ta rasa iska, kwal ya tsira. Da aka buɗe bayan mako shida, aka tarar da Pavol jingine da ginin, faratansa duk sun karye. Ondrej ya tono lambar, tun ranar tana aljihunsa. Bai bar aikin ba. Marayun Pavol huɗu na zaune a gidan kamfani, ran da ya tafi, waje za a watso su.

Wata Talata da hantsi Thayer ya zo shi kaɗai, zai duba sabon lungun da ake haƙa can ƙurya.

"Yallaɓai, lamba," in ji Ondrej.

"Na yi maka kama da lebura? Alfadari ake rataya wa ƙararrawa, ba mai shi ba."

Ya shige.

Kafin tsakar rana jiniya ta ɗauka. Leburori suka yi ta ɓullowa cikin hayaƙi suna tari, kowa na fizge lambarsa. Aka kirga alfadarai, sun cika. Doolan, shugaban leburori, ya iso a guje.

"Mu muna cin hayaƙi, manaja na can gidan tudu yana cin talotalo! Kai, mai hannu ɗaya, me allonka ya ce?"

Ondrej ya dubi ƙusoshin, duk tsirara. Ya damƙe lambar Pavol a aljihu har ta shige masa tafin hannu. Kalma ɗaya ta isa. Akwai maza a wurin da za su ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci su koma, ko don wanda suka tsana. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: da an faɗa musu a wancan karon, da sun koma.

"Ka kurumce ne, ɗan tsohuwa? Allo!"

"Allo babu kowa."

"A toshe!"

Bai yi ƙarya ba. Ya yi ta maimaita wa kansa haka yana jidar tubali ɗaya ɗaya da hannunsa guda, ba wanda ya sa shi. A wancan karon Thayer sai da ya cire lamba. Shi ko ƙusa bai taɓa ba. Amma ya san da Pavol ne ke kallonsa, da bai karɓi wannan hujjar ba.

Duk da haka shi ya miƙa tubalin ƙarshe. Ya koma gaban allo, ya mayar da lambar Pavol kan ƙusarta, ya zauna.