Batirin da Ya Zamna Daram

Ƙanwata Luba tana Turba da ɗiyanta, ɗakinta ba ƙyaure sai asabari. Tun da mijinta ya rasu nike cewa za ni in sa mata ƙyauren ƙarfe. Ƙyauren ya riga ni isa, an kai shi a amalanke, yana jingine bayan rumbu. Ni da ke da injin huda ni anka yi ta jira.

Ran da na shirya, batirin injin ya ƙi. Na bar shi ya kwana wurin masu caji a Sabon Birni, da safe na latsa, ya yi ƙugi sau guda ya yi shiru.

Turba kuwa ba a zuwa yanzu yadda anka ga dama. Saboda ɓarayin daji, masu babura kan taru su tahi tare, su komo tare kahin la'asar. Wanda ya makara shi da hanya, kuma hanyar nan kowa ya san halinta.

Sodangi taubashina shi ka kai ni a babur ɗinsa. Munka biya kasuwar Isa wurin Jibrilla mai kayan wuta. Ni ban iya karanta rubutun kwali ba, don haka injin na ɗauko gaba ɗaya na aje mashi kan tebur. Ya hiddo batir biyu. Guda babba, rawaya, ya ce ta Burkusuma ya shigo daga Nijar. Guda ƙarami, baƙi, ba shi da wani kwarjini.

Sodangi ya ɗauki babban yana jinjina shi a tafi kamar mai zaɓen kankana. Wai nauyi shi na ƙarfi. Na sa shi a gindin injin, bai shiga ba. Jibrilla ya ce ba komi, a ɗaure da robar taya, haka kowa ka yi. Na duba lambar ƙarfin wuta, don lamba kam na sani. Injina sha biyu, wanga ashirin da ɗaya. Na taɓa ganin injin da anka yi ma haka, hayaƙi ya yi ta yi hannun mai shi.

Na sa ƙaramin, ya zamna daram, lambarsu ɗaya.

"Wanga za ni ɗauka."

"Kai dai Kalilu ko mata anka jera maka, ramammiya za ka zaɓa," in ji Sodangi.

Jibrilla ya ce cajin da ke ciki na kamfani ne, rabi ne, in bari ya cika a sola. Na duba rana, na ga masu babura sun fara tada injuna bakin tasha. Na ce a bar shi haka.

Munka iske Luba ta share ƙofar ɗaki ta dama mana fura. Ban zamna ba. Sodangi ya riƙe ƙyauren, ni ina huda firam ɗin ƙofa. Itacen kirya ne mijinta ya sa, tauri kamar dutse. Maƙalin sama ya kamu. Na tsakiya ya kamu. Ina cikin na ƙasa na ji muryar injin ta fara ja da baya. Na bari ya huta, na sake latsawa. Ya juya kaɗan ya tsaya. Ga sakata ko taɓa ta ban yi ba.

Sodangi bai bar ni ba. Ya ce ga ramammiyata nan ta kwanta, da na ji maganar manya da yanzu muna shan fura. Sai wani ya leƙo ta kan darni ya ce jama'a sun taru bakin masallaci, za a tashi.

Luba ta ce mu tahi, ta saba da asabarinta, wani mako ma rana ce. Tana faɗi tana kallon ƙyauren da ke reto.

Na zagaya tsakar gida, na komo, na sake zagayawa. Idona ya faɗa kan babur. Na tambayi Sodangi batirinsa nawa ne. Ya ce shi ina ya sani, tuƙi yake yi. Na buɗe murhin gefe da kaina. Sha biyu.

Na yanke wayar tsohuwar rediyon Luba, na feƙe bakinta da haƙori. Sodangi ya turo babur har bakin ɗaki yana zagina, wai in na ƙone mashi abin cin abinci a bayana zai koma gida. Daga masallaci munka ji ƙarar babura, ta yi yawa, sannan ta fara nisa. Ya tsaya ya saurara. Ya dube ni.

"Ka bi su in kana so," na ce.

"In bi su da wane batir, ɗan banza? Huda."

Na haɗa wayoyin a gindin injin, ya danne ɗaya bakin kan batirin babur da yatsunsa. Injin ya ɗauka, a hankali, amma yana ci. Na gama maƙalin ƙasa, na huda ramukan sakata, zuhwa na shiga mani ido. Ladan ya kira la'asar muna ɗaure ƙusa ta ƙarshe.

Na ce ma Luba ta shiga ta gwada. Ta tura ɗiyan ciki, ta jawo ƙyauren. Munka ji sakata ta faɗa. Ta buɗe, ta sake ruhewa, ta sake.

"Yaya, ku kwana mana," ta ce daga ciki.

Sodangi ya riga ya maida murhi ya hau, ƙahwarsa kan kik. Ya ce in munka taka za mu cim masu kahin gulbi. Na cusa injin cikin buhu na haye bayansa, na ce mata kada ta hito rakiya.