Maguɗin Baffa

Tun da Baba ya yi ritaya, ba shi da abokin faɗa sai tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar falo. A cikinta akwai wasan karta da ƙanensa, marigayi Baffa, ya rubuta da kansa. Kullum da yamma Baba zai gyara tabarau, ya sha kashi, ya ce, "Ɗan banza!" ya sake rabawa. Ko da wasa bai taɓa ci ba.

Abin ya ishi Auta, 'yarsa, tausayi ya kama ta. Ita kuwa aikinta ke nan a ofis, buɗe cikin manhajar da aka riga aka dunƙule. Asalin rubutun Baffa ya daɗe da ɓata, baitkod kawai ya rage, wato umarnin da inji ke karantawa. Ranar da Baba ya tafi aski, ta buɗe manhajar da take warware irin wannan da ita, ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga abu ƙiri-ƙiri: kafin wasan ya jefa kati, sai ya leƙa hannun Baba tukuna. Kai, Baffa, Allah Ya jiƙan ka, amma ka iya cuta! Ta zare umarnin, ta mayar da komai, tana ta jin daɗin kanta.

Da yamma Baba ya ci. Ya sake ci. Auta na bakin ƙofa tana jiran shewa, sai ta ga ya cire tabarau.

"Auta, wa ya taɓa min injin nan?"

"Baba, cutar ka fa yake yi! Katinka yake leƙawa. Na gyara."

"Sannu, likitar inji. Wa ya ce miki ba shi da lafiya?"

"Au, dama ka sani?"

"Tun muna yara Baffanki yake leƙa min kati, har ta gilashin taga. Ke sai yau kika gano, da duk kayan aikinki?" Ya yi dariya. "Duk gidan nan lallaɓa ni kuke yi kamar ƙwai. Shi kaɗai ya rage mai cuta ta. Mayar min da ƙanena."

Kunya ta rufe Auta. Allah Ya so ta ajiye kwafin wasan na asali kafin ta taɓa shi. Ta ja kujera ta mayar da shi, Baba na tsaye a kanta kamar ya san abin da take yi.

Ya zauna, ya raba, ya sha kashi.

"Ɗan banza," ya ce a hankali, ya sake rabawa.