Kwarin da Jan Gemu Ya Karɓe wa Inna

Da likita ya gama yanka gwiwar Inna ya ɗinke, sai ya ce wata biyu ba hawa ba sauka. Gidan Autanta kuwa a hawa na uku yake. Aka ɗauko ta a kujera kamar buhun gawayi, aka dire ta a falo gefen taga. Ta tagar nan ba abin da ake gani sai tankin ruwan maƙwabta da wata igiyar shanya mai safa guda ɗaya, wadda ba wanda ya taɓa zuwa ɗauka. Matar da ta shekara arba'in tana tashi da fartanya a hannu, ita aka ce ta zauna ta kalli safa.

A kwana na huɗu ta fara faɗa da labule. A na biyar ta koma kan agogon bango. Auta mai gyaran firji ne, ba ya son hayaniya, saboda haka ya jona kwamfutarsa da talabijin, ya turo mata ɗan tebur, ya ɗora hannunta a kan linzamin kwamfutar.

"Inna, ga ƙasa na ba ki."

Wasan kwamfuta ne, taswira ce ta zamanin takobi da garkuwa, kowace masarauta da launinta.

"Kin ga ɗan shuɗin nan? Naki ne, gari biyu da kwari ɗaya. Wannan sarauniyar mai ɗaure fuska kuma ke ce."

"Kai ne dai mai ɗaure fuska. Ina gonakin?"

Ya murza linzamin. Gajimare ya dare, ƙasa ta taso, sai ga kwarin. Wani ɗan kogi yana ratsa shi a hankali, akwai injin niƙa na ruwa yana juyi, ga bishiyoyi a jere, ga tumaki ƙanana kamar an watsa gishiri a kan koren zane. Inna ta ƙura wa kwarin ido.

Auta ya nuna mata inda ake tsayar da lokaci da inda ake sakinsa. Ya ce kore na nufin e, ja na nufin a'a, in kuma wasiƙa ta zo kada ta taɓa sai matarsa ta dawo, tunda Inna ba ta karatu.

Ran nan da maganin rana ya kwantar da ita, a kwarin ta tsinci kanta. Tana tafe ba takalmi, ciyawa da sanyi, gwiwar ba ta ce mata komai ba. Ta duƙa ta damƙi ƙasar ta shinshina, baƙa ce, mai laushi, irin wadda ko tsinke ka soka zai yi ganye. Ta farka tana lissafin inda za ta sa albasa.

Kwana uku bayan haka, gida ba kowa, aka buga wata 'yar ƙararrawa. Fuskar wani mutum ta bayyana, mai jan gemu, yana murmushi, da takarda a naɗe a gefensa. Inna ta jira. Mutumin ya ci gaba da murmushi, yana ƙifta ido, yana numfashi. Ita kuwa a gidan da ta tashi ba a barin baƙo tsaye a ƙofa.

"Bawan Allah ya aiko da gaisuwa, a shanya shi sai yamma? Wannan ai rashin tarbiyya ne."

Ta danna kore. A kan idonta kwarin ya rikiɗe daga shuɗi ya koma rawaya, har da tumakin.

Matar Auta nas ce. Ta dawo daga aikin safe, ta tarar da surukarta tana huci, ta duƙa ta karanta abin da ya faru.

"Inna, ai ba gaisuwa ba ce. Sarkin maƙwabta ne. Cewa ya yi ki ba shi kwarin ko ya kawo yaƙi, kika ce to."

"Na ce to? Da wane bakin?"

"Da yatsa, Inna."

Da Auta ya shigo ya ji, sai da ya riƙe ƙofar firji don dariya. Ya ce abu ne mai sauƙi, zai mayar da wasan zuwa jiya, ya zama kamar ba a yi ba.

"Kamar ba a yi ba? Ɗauke hannunka daga nan! An yi. Ka mayar jiya, shi ke nan ya zama mutumin kirki, ya ci gaba da yi mini murmushi? Ya ga tsohuwa ba ta karatu ya turo mata takarda. Da hannunsa ya karɓa, da hannunsa zai mayar. A tara mini mutanena."

Mutanenta ɗari uku ne, na Jan Gemu dubu biyu. Auta ya ce dole ta fara girma tukuna, ta haɗiye ƙanana kafin ta tunkari babba. Kuma a wasan ba a kai wa mutum yaƙi haka kawai, sai da hujja. Wanda ba shi da ita sai ya tura wazirinsa ya je ya tono takardar da ke cewa garin na kakanninsa ne.

"In ba na kakannin nawa ba ne fa?"

"Sai ya rubuta cewa nasu ne."

Inna ta daɗe tana kallon wazirin, wani siriri mai hula har gira.

"Da ganin idon wannan ka san ɓarawo ne. Tir da hali irin naka. Tura shi."

Da takardar wazirin ta karɓe garin wani tsoho mai sanƙo a bakin tafki. Daga nan ta ci wani a gindin dutse. Shuɗin ya riƙa yaɗuwa kamar an zubar da shuni a ruwa. Batun neman abokan yaƙi kuwa ba wanda ya koya mata. Kowace yamma sai ta sa matar Auta ta jero mata fuskokin zawarawan masarautu, don sarauniya na da ɗa gwauro, ƙato, ba ya komai sai farauta.

"Wannan kyakkyawa ce, Inna, an ce tana da haƙuri."

"Haƙuri zan kai fagen fama? Wuce. Mai hararar garken nan fa?"

"Masifaffiya ce, amma yayanta na da mashi dubu."

"Ita ce surukata. Ai na saba da ku."

Matar Auta ta ce, "Na ji dai, Inna," tana dariya.

Shekarun wasan suna gudu, ranakun falo suna rarrafe. Kan sarauniya ya yi furfura. A barcin rana Inna ba ta ƙara shiga kwarin ba, sai dai ta tsaya a kan tudu tana hangensa. Wani zaren rawaya ya kewaye shi, iska na kaɗa shi, injin niƙa na juyi yana niƙa wa wani. Ta kan ji ƙamshin ƙasar daga nesa, ta farka da ɗaci a baki.

Wata safiya matar Auta na shirin fita ta leƙa talabijin, ta ce, "Inna, mutuminki ba shi da lafiya. An rubuta ciwon ya yi tsanani."

Inna ta dubi fuskar. Gemun ya yi fari fat, kumatu sun faɗa.

"In ya mutu fa?"

"Ɗansa ya gaje kwarin."

"Me ɗansa ya yi mini? Kada ya kuskura ya mutu. Kai tsohon banza, ka ji ni? Ba inda za ka sai ka mayar mini da abina!"

Auta ya ce ta ƙara jira, har yanzu mutanensa sun fi nata. Amma Inna ta kwana biyu tana lura da 'yan tutocin rawaya suna haye duwatsun arewa ɗaya bayan ɗaya, wani yaƙin ya ja su can. Wadda ta yi noma ta san ranar da ƙasa ta jiƙa ba a cewa sai gobe. Ta aika wa yayan mai hararar garke, ta tura kowa da kowa kwarin, har ƙaton ɗan nata.

Mayaƙanta suka kewaye ganuwar da ke bakin kogin. Wani ɗan layi a ƙasan allon ya fara cika kaɗan-kaɗan. Inna na kallon layin, tana kallon fuskar mara lafiyan, tana yi masa fatan ƙarin kwana da zuciya ɗaya, abin da ba ta taɓa yi wa maƙiyi ba. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a cinyarta. Gajimaren taswirar yana wucewa, inuwarsa na bin bayan tumakin, har ta daina sanin ko idonta biyu.

Ƙararrawa ce ta dawo da ita. Ga fuskar nan, ga takarda a naɗe, babu murmushi.

Inna ta tsayar da lokaci. Ta janye hannunta daga linzamin ta tura shi ƙarƙashin mayafi. Ƙarfe sha ɗaya ne, matar Auta kuwa sai uku.

"Tsaya nan," ta ce masa. "Ai ka iya tsayuwa."

Ya tsaya, yana ƙifta ido, awa huɗu cur.

Matar Auta ba ta ko cire takalmi ba aka sa ta karatu. Takardar ta ce Jan Gemu ya amsa an ci shi, ya mayar da kwarin ga mai shi. Inna ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a sake wurin "mai shi" ɗin, a hankali. Sannan ta fito da yatsa ta danna kore.

Shuɗi ya sauko daga tudu, ya haye kogin, ya rufe bishiyoyin. Inna ta murza linzamin da kanta, ta ratsa gajimare, ta sauka har inda take jin kukan ruwa a jikin injin niƙa.

Can ta lura da wata 'yar fuska a kusurwar allon, wani tsoho mai sanƙo, ya haɗe rai yana kallonta.

"Wannan kuma wa ya taɓa shi?"

"Ke, Inna. Shi ne na bakin tafki, wanda waziri ya rubuta wa takardar ƙarya."

Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyara zaman gwiwarta a kan matashi.

"Yana da gaskiya. Ya tara mutanensa ya zo, ina nan. Ni wa ya kawo mini nawa har gida? Matsa, 'yar nan, kin tare mini tumaki."