Lambobin Dogo

A ajinmu na masu karanta lissafi akwai wani da muke kira Dogo, ko da yake na fi shi tsawo. Shekararsa ta shida ke nan a karatun shekara huɗu, kuma dokar jami'ar ba ta san ta bakwai ba. Ko ya ci binciken ƙarshe ya fita da takarda, ko ya koma gida hannu rabbana.

Ba daƙiƙi ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya, ya raina gwaji. In ka ce masa, "Mu sa bakwai a nan mu gani," sai ya yatsina fuska ya ce wannan aikin 'yan firamare ne. Shi dai a bar shi da haruffa da hujja.

A binciken nasa ya ware wani rukunin lambobi, ya gindaya musu sharuɗɗa uku, sannan ya shiga tabbatar da halayensu. Cikin wata biyar ya tabbatar da goma sha ɗaya. Duk abin da ya nema sai ya faɗo masa a hannu, har ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa. Malamin da ke duba shi yana da ɗalibai ashirin da uku a wuyansa. Ya bi shafukan layi-layi, bai ga kuskure ba, ya sa hannu.

Ranar kare aiki muka cika kujerun baya a ɗakin hawa na biyu. Mai jarrabawar wata farfesa ce da aka gayyato daga wata jami'ar, dattijuwa mai ƙaramar murya. Ta bar shi ya cika allo sau biyu. Da ya ajiye alli sai ta cire tabarau.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. To, ba ni guda ɗaya."

"Guda ɗaya me, ranki ya daɗe?"

"Lambobin nan naka. Ɗaya kawai, ko ƙarama ce."

Ya rubuta tara. Ta cika sharaɗi na farko, ta faɗi a na uku. Ya goge da gefen hannu ya rubuta goma sha biyu. Ta faɗi tun a na farko. Ya gwada ashirin da bakwai, ya gwada sittin da huɗu, duk suka faɗi.

Farfesa ta tashi ta karɓi allin. Layi biyu ta yi. Sharaɗi na uku yana tilasta lambar ta rabu biyu daidai, na farko kuwa ya hana ta.

"Hujjojinka duk lafiya lau suke," in ji ta. "Amma abin da babu shi, duk abin da ka faɗa a kansa ba mai ƙaryata ka. Shi ya sa komai ya zo maka a sauƙaƙe."

Na ji tausayinsa, amma haushin kanmu ya fi kama ni. Mu shida muka karanta masa aikin nan, muka yi ta yaba shi, babu wanda ya gwada ko lamba ɗaya.

Mahaifinsa, wani kafinta, yana jira a ƙarƙashin bene cikin wankakkun kaya. Ya rufe shago ya zo. Ya dubi fuskar ɗansa ya miƙe daga kan benci.

"Sun ce ƙarya ka rubuta?"

"A'a, Baba. Duk gaskiya ne."

"To, me ya faru?"

Dogo ya yi masa bayani yadda zai iya. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Wato ka yi ƙofa goma sha ɗaya, ba ka je ka ga ko akwai gidan ba."

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya karɓi kundin daga hannunsa, ya shafa bangon, ya sa a hammata. "Je ka haɗo kayanka," in ji shi. "Ina nan."